Tsagar Igiya: Waiwaye Kan Takalmi Sau-Ciki a Zangon Kumasi

A jikin takalmi sau-ciki akwai wani ɗan wuri, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, faɗinsa yatsu uku in ya yi yawa. Nan ne igiya ke bi. Mai saye ba kasafai yake dubansa ba. Idonsa na kan sheƙin fata da tsinin baki da tsayin dunduniya. Amma wanda ya taɓa zama gaban mai ɗinkin takalmi na gaske ya san a nan ake rarrabe hannun gwani da na ɗan koyo. Tafi in ya cinye a sake shi, dunduniya in ta karkace a buga wata. Wannan tsaga kuwa, in aka yanka ta ba daidai ba, takalmin ya tashi daga aiki tun bai taka ƙasa ba.

In aka cire tafi da dunduniya, saman takalmi fata uku ce manya. Akwai ta gaba, wadda ke rufe yatsu ta hau doron ƙafa. Akwai biyu na gefe da ke tasowa daga bayan dunduniya, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su zo su haɗu a kan doron. Ƙarshen waɗannan biyun, inda ake huda ramukan igiya, su ne kunnuwan takalmi. Duk maganar a kan abu ɗaya take: wa zai hau kan wani, fatar gaba ko kunnuwa?

In aka cusa gindin kunnuwan ƙarƙashin fatar gaba aka ɗinke, an yi rufaffiyar tsaga, wadda ake kira Oxford. Kunnuwan a ɗaure suke daga ƙasa, ba sa buɗewa sai daga sama, kamar tsagar wuyan kaftani. Harshen takalmin fata ce daban, a yanko ta a ɗinka daga ciki. In kuwa aka ɗora kunnuwan bisa fatar gaba, aka ɗinke su ta gefe aka bar bakinsu a sake, an yi buɗaɗɗiyar tsaga, wato Derby. A nan harshen ci gaban fatar gaba ne, kuma in ka kwance igiya kana iya ɗaga kunnuwan ka baje su dama da hagu, takalmin ya wangame baki. Ana danganta na farko da ɗaliban jami'ar Oxford ta Ingila a ƙarni na 19. Buɗaɗɗen kuwa yana da ɗan'uwa mai suna Blucher, da ake dangantawa da wani babban hafsan Jamusawa da ya taimaka aka karya Napoleon a Waterloo a 1815, wanda aka ce ya nemi but ɗin da sojansa zai zura da sauri. Tun can dai rabon aiki ya fito: rufaffe na mai zaman ofis da ɗakin taro, buɗaɗɗe na mai cin ƙasa da ƙafa.

Mu 'yan Zangon Kumasi wannan rabo a makare ya same mu. Oforikrom, inda na tashi, tana bakin hanyar Akra, kafin a kai jami'ar Kwame Nkrumah da kowa ke kira Tek. Ba ita ce tsohuwar Zango ba. Cika ce ta tumbatso daga wajejen Aboabo da Asawase, aka zauna cuɗe da Tonawa, wato Asante masu ƙasa, da Ewe masu aikin katako a Anloga, da Dagomba da Mosi da sauran mutanen arewa. Kakanninmu fataken goro ne daga Kano da Katsina da Sakkwato, waɗanda suka saba yada zango a Salaga ta ƙasar Gwanja. Da yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga, Turawa kuma suka kama Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, sai hanya ta buɗe, aka gangaro Kumasi. Jirgin ƙasa ya iso daga Sekondi a 1903, kasuwa ta kankama, Zango ta cika.

Cikin ayarin akwai majema da dukawa, kuma ba baƙin aiki ba ne a wannan birni. Tun a 1817 wani jakadan Ingila mai suna Bowdich ya tarar da Musulmi a fadar Asante, ya ga jarumawan sarki da riguna cike da layu, da dogayen takalman jar fata irin na mahaya dawakin arewa. Baduku ya san fade, ya san huffi, ya san gidan laya da kube da jaka da kayan doki. Tonawa na da nasu takalmin sarauta, ahenema, maɗauri ne bisa faffaɗan tafi. Duba duk wannan jeri ba za ka ga igiya ko ɗaya ba. Takalminmu abin zurawa ne da zarewa, ba a sunkuya masa.

Ta ƙofa biyu igiya ta shigo. Ta farko bariki. Kumasi ce mazaunin rundunar sojan mulkin mallaka ta wannan ƙasa, kuma Hausa ce harshen bariki, domin mafi yawan kuratan daga arewa suke. Shekara da shekaru sojan baƙar fata ƙafa ba takalmi yake fareti, hafsansa Bature na gefe cikin but. Sai da yaƙin duniya na biyu ya kai su Habasha a 1941, daga baya kuma dazukan ƙasar Bama, sannan but ya zama kayan kowane soja. Barikin Uaddara da ke Kumasi ma sunan wani fagen daga ne na Habasha. Da aka sallamo su, da yawa a Zango suka zauna, suka zama masu gadi da 'yan sanda da direbobi, but ɗinsu na ƙarƙashin gado. Buɗaɗɗiyar tsaga ce da shi, ita ce ta fara shiga gidajenmu.

Ƙofa ta biyu ofis ce, ita kuma ba tamu ba ce. Baƙin Oxford mai hula a baki na akawun kamfanin UAC ne, da ma'aikacin jirgin ƙasa, da lauya, da malamin makarantar mishan. Iyayenmu sun daɗe suna gudun boko don tsoron kada a sauya wa yaro addini, saboda haka wannan takalmi a ƙafar wasu muka san shi. Ɗan Zango ya goge shi, ya sake masa tafi, ya san cikinsa da wajensa, shekaru kafin ya sa ƙafarsa a ciki.

Wanda na ga aikin a hannunsa wani dattijo ne mai rumfa a gindin mangwaro kusa da titi. Dukanci ya gada a gida, sau-ciki kuwa a wurin wani tsohon soja ya koya, wanda ya yi gyaran but a bariki. Mu yara Baba muke ce masa, almajiransa na ce masa Masta. Ba ya awon ƙafa da safe. Sai bayan la'asar, ya ce a lokacin ta gama kumburin yini, ba za ta yi masa ƙarya ba. Zai shimfiɗa takardar buhun siminti, ya ce ka tsaya ka saki nauyinka, ya zagaye ƙafar da fensir a tsaye cak. Sannan ya ɗauko siririyar takarda ya naɗa a wuri uku: gindin yatsu, tsakiyar doro, da kuma daga bayan dunduniya zuwa lanƙwasar gaban idon sawu. Kowane awo ya ɗan tsaga gefen takardar da farce. Ya rubuta sunanka da ajami a jikinta, ya soke a ƙusa.

Awon tsakiya, na doro, shi ke yanke hukunci. Ƙafafun katakon da yake ɗinki a kansu tsofaffi ne daga Ingila, sirara, doronsu a kwance, domin an sassaƙa su ne don ƙafar da ta girma a matse cikin safa da takalmi. Tamu ba haka take ba. Ƙafar da ta tashi tana taka ƙasa, ta yi tallan koko da ƙosai, ta buga ƙwallo a fili, bajewa take yi, yatsu su rabu, doro ya tashi. Sai ya jiƙa guntayen fata ya yi ta ɗorawa bisa katakon yana kafawa da ƙananan ƙusoshi, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya naɗa takardar awon nan, ya ƙara, ya rage, har tsagar farcen ta faɗa daidai. Wannan aiki kaɗai yakan ci masa yini, kuma ba ya barin almajiri ya taɓa.

Na ji shi da wani saurayi da aka ɗauka aikin koyarwa.

"Baba, irin na hedimasta nake so, mai rufaffen gaban nan."

"Malam, ƙafar hedimasta tun tana ƙarama take cikin takalmi. Taka a fili ta girma. In na yi maka rufaffe kunnuwan ba za su haɗu ba, harshe zai leƙo waje, kafin azahar ka fara ɗingishi gaban yara. Bari in yi maka buɗaɗɗe, in sa masa hula a baki. Daga bayan aji ba mai ganewa."

In mutum ya nace, yakan yi masa, amma kuɗin ya kusa ninkawa, kuma da dalili. A gindin rufaffiyar tsaga fata huɗu ke haɗuwa wuri ɗaya: kunnuwa, shafin ciki, gindin harshe, da fatar gaba a samansu duka. Wurin kuwa daidai kan ƙashin doro yake. In ba a rage kaurin kowace ba, mai takalmi zai ji tsakuwa na danna shi duk taku. Don haka Baba zai kwantar da fatar a kan guntun gilashi, ya bi bakinta da wuƙa a kwance yana fiƙewa har ta kusa zama takarda, ya shafa gam ya naɗe bakin ciki, ya bubbuga da guduma. Tsakanin fata da shafi, ƙarƙashin inda ramuka za su zauna, ya sa siririn ƙyallen tamfol don kada jan igiya ya yaga wurin. Ramuka biyar kowane gefe, tazararsu a jikin wani ɗan kara da ya yi wa alamu tun kafin a haife mu. Ƙarfen ramin daga ciki yake sa shi, ta waje ba a ganin komai sai huda. Sannan ya haɗa gindin kunnuwan da 'yan ɗinki na hannu, ya kafa harshe, ya ɗora fatar gaba, ya bi da layi biyu a keken Singer, a hankali, yana juya ƙafar keken da hannu in ya zo lanƙwasa.

Abin da ya fi ɗaure min kai ina yaro shi ne, kafin ya ja saman takalmin bisa katako, sai ya zura wata tsohuwar igiyar buhu a ramukan ya ɗaure, amma ba ya haɗe kunnuwan gaba ɗaya. Yakan bar rata a sama, ƙasa da faɗin ƙaramin yatsa, ta tafi tana tsukewa har ta ɓace a gindi. Fata na saki da amfani. Sabon Oxford da kunnuwansa suka haɗe ƙam tun ranar farko, bayan wata kaɗan ba sauran abin da igiya za ta ja, ƙafa ta riƙa yawo a ciki. Wanda kuma ratarsa ta wangame ya nuna ba don wannan ƙafa aka yi shi ba. Tsakanin waɗannan biyun gwanintar take, kuma faɗinta bai kai na ƙwayar gyaɗa biyu ba.

Derby ya fi yafiya. Da yake kunnuwansa a sake suke, igiya na iya buɗawa da safe kaɗan, da yamma da yawa, ƙafa ta kumbura ko ta saɓe duk yana karɓa. Rauninsa wuri ɗaya ne, ƙusurwar ƙasa ta kowane kunne, inda ɗinki ya ƙare, duk nauyin tafiya ya taru. Nan Baba ke yin ɗan ɗinki mai kusurwa huɗu, ya maimaita sau biyu. A but ɗin soja har ƙusar ƙarfe akan dasa a wurin, a kuma ɗinke gefen harshe da kunnuwa don kada ruwa da tsakuwa su shiga. In ka ɗauki takalmin gwanjo kana son sanin ko an wahalar da shi, kada ka tsaya kan tafi, wannan ƙusurwa za ka duba.

A ganina Oxford ya fi kyau, ba gardama. Layinsa ɗaya ne santal daga baki har wuya, ba abin da ya taso. Amma kyan da ba ya barin ka isa kasuwar Kejetia ka dawo da ƙafarka lafiya, na masu mota ne.

Ga kuma wata matsala da babu ɗinkin da ya magance ta. Mutumin Zango cire takalmi yake yi yini zur. Salla biyar da alwalarsu, zauren malam, ɗakin iyaye, gidan surukai, wurin suna, wurin gaisuwar mutuwa, duk inda tabarma take. Wa zai sunkuya ya kwance ya ɗaure kowane lokaci, liman ya riga ya ta da kabbara? Malamanmu na Malikiyya sun yarda a yi shafa a kan huffi, amma da sharaɗin ya zama fata ce, ɗinkakkiya ba liƙaƙƙiya ba, kuma ta rufe idon sawu. Sau-ciki a ƙarƙashin idon sawu yake tsayawa, don haka bai sami wannan sauƙi ba. (Nakan yi murmushi in na tuna malaman fiƙihu sun bambanta ɗinki da liƙi tun ƙarnoni kafin takalman gam su cika mana kasuwa.) Abin da jama'a suka yi shi ne abin da kowa ya sani: aka ɗaure igiya sau ɗaya, sako-sako, aka bar ta har abada, aka take bayan takalmin ya kwanta. A ƙofar kowane masallacin Juma'a a Kumasi, rabin sau-cikin da ke jere an mayar da su silifa da ƙarfin tsiya. Baba ba abin da ke ɓata masa rai kamar a kawo masa aikinsa an karya masa ƙeya. Ga alhazai sai ya koma yin Derby mai rami biyu ko uku kacal, wuyansa a buɗe, ya haɗa musu da ɗan cokalin ƙaho na zura dunduniya. Kaɗan ne suka yi amfani da shi.

A shekarun 1960 gwamnatin Nkrumah ta kafa masana'antar takalmi a Kumasi, wajen Atonsu, da taimakon ƙasar Cekoslobakiya. Zaɓin ba na banza ba ne, domin a garin Zlin na can ne kamfanin Bata ya tashi a 1894, sun kuma yi suna wajen takalmin inji. Manufar ita ce soja da ɗan sanda da ɗan makaranta su taka abin da aka yi a gida. Masana'antar ta shiga ƙarƙashin rukunin kamfanonin gwamnati na GIHOC, ta horar da mutanen da suka iya yankan fata bisa ma'auni da ɗinkin inji, waɗansunsu daga baya suka buɗe rumfunan kansu a gari. Sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Nuwamban 1969, wadda ta ba marasa takardu mako biyu su fice. Zango ta girgiza. Gidaje da rumfuna suka koma hannun wasu a kan kuɗi ƙalilan, kuma cikin waɗanda suka hau manyan motoci zuwa Nijeriya da Nijar akwai majema da dukawan da a Kumasi aka haife su. Sana'ar hannu ba ta son yankewa. In malami ya tafi da almajiri rabin koyo, rabin nan ne zai yaɗu.

A 1983 abin ya juyo. Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Ghana kusan miliyan suka dawo gida cikin shekarar fari da gobarar daji da yunwa. A wannan shekara kuma gwamnatin Rawlings ta shiga shirin gyaran tattalin arziki na Bankin Duniya da IMF, a hankali aka buɗe ƙofa ga kayan waje. Masana'antar Atonsu ta yi ta rarrafe har ta tsaya. Dilolin gwanjo suka cika kasuwa.

Ba zan zagi gwanjon wancan lokaci ba. A cikin dilar akan tsinci takalmin Northampton, garin masu takalmi na Ingila, ko na Italiya, wanda wani ya taka shekara biyu ya gaji da shi. Ɗan dako ya sa fatar da a da sai lauya. Ga masu gyara kuma makaranta ce kyauta: in suka ɓare tafi sai su ga zagayen fatar da aka ɗinka tsakanin sama da ƙasa, irin ɗinkin injin Goodyear, su ga yadda aka fiƙe gindin tsaga, su kwaikwaya. Amma wa zai jira mako uku ya biya kuɗin awo, ga wannan a shimfiɗe a ƙasa ana ciniki? Masu ɗinki suka koma masu gyara. Yaran da a da za su zauna shekaru gaban Masta suka rataya akwatin katako, suna zaga unguwa suna ƙwanƙwasa shi, Kiwi da buroshi da zare a ciki. Abin mamaki, a daidai lokacin ne 'ya'yan Zango suka fara shiga boko da yawa, musamman bayan an kafa sashen ilimin Musulunci a hukumar ilimi ta ƙasa a 1987, makarantun Larabci da Turanci suka yawaita. Buƙatar takalmin igiya ta ƙaru, domin ba yaron da zai yi maci ranar bikin 'yancin kai ta 6 ga Maris da silifa. Sai dai buƙatar ta zo ta tarar da masu biyanta sun watse.

Fata ma ta yi nata. Majemar gargajiya ta wajen Aboabo da Asawase da bagaruwa take jima, galibi fatar akuya da tumaki, mai kyau ga gidan laya da jaka da fade, amma ba ta da jikin da saman sau-ciki ke so, kuma in damina ta kama takan yi fumfuna. Fatar shanu kuwa cinye ta muke yi. Ganda, wadda a nan ake ce wa wele, ba a sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ba tare da ita ba, kuma mahauci ya fi samun riba in ya babbake ta da ya kai wa majemi. A Kano manyan masana'antun jima na Challawa da Sharaɗa Turai suke tura mafi kyawun abin da suka jeme. Mai ɗinki a Kumasi ya koma sayen ragowar fatar waje a kilo, ko fatar roba a yadi.

Yau in ka shiga layin masu takalmi a Kejetia, ko ka leƙa ɗakunan aiki da ke bayan gidaje, ba za ka ce sana'a ta mutu ba. Samari na aiki dare da rana, 'yan kasuwa na lodi zuwa Tamale da Wagadugu da Abijan. Amma duba me ake yi: sandal, silifa, ahenema na zamani, da rabin takalmin nan marar baya da ake sawa da kaftani. Wato Zango ta koma kan abin da ta sani tun asali, abin zurawa da zarewa, kuma ban ga laifinta ba. Takalmin da aka daɗe ana take wa ƙeya, yanzu an daina yi masa ƙeyar gaba ɗaya, an huta.

Abin da ba na so shi ne na ƙarya. Akwai sau-ciki na Caina da ke cika teburan bakin titi, daga nesa Oxford ne sak, har da hula da ramuka biyar. Ka ɗauka ka ga ba tsaga ko kaɗan. Kunnuwan zane ne aka danna da inji a jikin roba ɗaya, layin ɗinkin ma zane ne, igiyar an zura ta an liƙe bakinta daga ciki, can gefe kuma an ɓoye ɗan roba mai talewa. Igiyar ba ta jan komai. Wanda ya saya don ɗaurin aure ko neman aiki ya san abin da ya saya, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma albashi bai kai a yi wa mutum gori ba. Amma in ya tsage a lanƙwasa bayan wata biyu, mai gyara ba shi da inda zai soka allura, domin robar ba ta riƙe zare. Sai gam, sai kuma bola.

Inda buɗaɗɗiyar tsaga ta gaske ta rage da ƙarfinta shi ne inda ta fara, wurin masu kaki. An farfaɗo da masana'antar Atonsu ƙarƙashin kamfanin rundunar sojan Ghana, DIHOC, tare da wani kamfanin ƙasar Cek, Shugaba Mahama ya buɗe ta a 2014, ta shiga yin but na jami'an tsaro da takalman makaranta. Soja ba zai yarda da igiyar ado ba, domin shi da ita yake ɗaure idon sawunsa.

Rufaffiyar kuwa ta sami sababbin masoya ta wata hanya. Oforikrom ta zama ƙaramar hukuma mai cin gashin kanta a 2018, unguwannin da ke kewaye da Tek sun cika da ɗakunan haya na ɗalibai, a jami'ar kuma ana koyar da aikin fata. Akwai samari, cikinsu har da 'ya'yan Zango, da suka koyi yankan Oxford daga bidiyon YouTube na masu sana'ar Ingila da Japan, suna liƙa tef a jikin ƙafar roba su zana su ɓare su fitar da ma'auni. Na riƙe aikin wasunsu a hannu, ɗinkinsu ya fi na Baba daidaito, injinsu ya fi nasa, fiƙar gindin tsagar ma sun iya. Suna tallata shi a Instagram, lauyoyi da ma'aikatan banki da angwaye na saye.

Abu ɗaya ne bai zo cikin bidiyon ba. Ƙafafun robar da suke ɗinki a kai daga Caina ake kawo su jeri guda, faɗi ɗaya, doro a kwance, kuma ba mai ɗora musu guntayen fata. Ciniki ta WhatsApp ake yi: a turo hoto, a tambayi lamba, mutum ya ce 43, a karɓi kafin alƙalami ta MoMo. In takalmi ya isa aka ga kunnuwa sun ƙi haɗuwa, doro na zafi, sai a dawo da shi a shafa masa ruwa, a cusa ƙafar roba mai lamba 44 a bar shi kwana biyu. Wani lokaci fatar ta saki, mai shi ya karɓa. Wani lokaci ɗinkin gindin tsagar ya fashe, a mayar masa da rabin kuɗinsa, a rataye takalmin a shago ana jiran mai siririyar ƙafa.